Kafin Ka Sayi Ƙaramar Jif Mai Lantarki a Abuja: Daga Mitar Gidanka Zuwa Hawan Kibo

Duk inda na ajiye motata, ko a harabar masallacin unguwarmu a Gwarinpa ko a bakin kasuwar Wuse, sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in an cika ta kilomita nawa take yi?" Nakan amsa, amma tambayar da nake so a fara yi mini ita ce awa nawa muke samun wuta a gida, domin a nan ne jin daɗin motar ko wahalarta yake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a Abuja cikin Oktoban 2024, mutane da dama suka fara sa ido a kan waɗannan motoci. Ina son su, ina kuma so wanda zai zuba miliyoyinsa ya zuba su da ido biyu. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin, daki-daki.

Fara da bangon gidanka

Yunit ɗin da kake saye a mitar kati shi ne ma'aunin da ake auna batirin mota da shi. Idan an ce batir yana ɗaukar kilowat-awa 60, ana nufin yunit 60 ke nan, babu wani sirri a ciki. Ƙaramar jif a cikin gari, da esi a kunne, tana cin yunit 16 zuwa 18 a kilomita 100. Wani abu yana salwanta a wajen caji, saboda haka ka lissafa yunit 20 daga mita.

Yanzu duba takardar wutarka ka ga rukunin da layinku yake. Band A shi ne wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 a kan yunit, aka sauke shi zuwa 206.80 a Mayu, ya koma 209.50 a Yuli. Da wannan farashin na ƙarshe, kilomita 100 zai ci maka kimanin naira 4,200. Jif mai shan fetur da ke cin lita 10 a wannan nisa, a ce lita tana 900, ta cinye 9,000. Ka sa farashin da ake ciki a ranar da kake karanta wannan, ka sake bugawa da kanka. Amma kada rukunin da ke rubuce ya ishe ka. Ɗauki mako biyu kana rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, musamman daga bayan sallar isha'i zuwa asuba, tunda lokacin ne motar take gida.

Mai niyyar yi wa mota caji da ƙaramin janareta na fetur kullum, gara ya bar kuɗinsa a aljihu. Irin wannan inji da ƙyar yake ba da yunit 2 daga lita guda, wato yunit 20 ɗin nan zai sha lita 10 ko fiye. An koma gidan jiya, ga ƙara ga hayaƙi. Sola kuwa tana yi, in an tsara ta da kyau. Mai tafiyar kilomita 50 a rana yana bukatar yunit 10, kuma faifan sola guda shida masu wat 550 za su iya ba da kusan haka a ranar da gari ya yi wasai. Matsalar ita ce da rana motar tana ofis, faifan suna gida. Ko dai a ƙara batirin ajiya, wanda shi ne mai tsadar, ko a yi babban cajin ranakun Asabar da Lahadi.

Idan haya kake, yi magana da mai gida kafin ka yi magana da dillali. Idan a bene kake, mitarka tana hawa na uku, motar tana can bakin get, to ka san yadda waya za ta isa gare ta tukuna.

Caji a gida iri biyu ne. Akwai igiyar da ke zuwa da mota, wadda ake sokawa a soket mai baki uku. Tana jan kimanin kilowat 2.3, za ta mayar maka da tafiyar yini cikin awa huɗu zuwa biyar, amma cika batirin yunit 60 daga ƙasa zai wuce kwana guda cur. Sai cajar bango mai kilowat 7, mai jan amfiya 32, wadda ke cika wannan batir cikin awa tara zuwa goma. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, cajar bango ta fi, saboda awa biyu da aka samu sun ishe ka zirga-zirgar gobe. Sai dai tana son layinta na kanta tun daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin milimita 6 ko 10 idan nisa ya yi yawa, da abin katse wuta nata, da na'urar kariya daga hauhawar wuta da tsawa. Kada a haɗa ta da igiyar ƙari irin ta kasuwa ko da wasa.

Daren farko da na kawo tawa, na soka igiya, fitilar caja ta yi ja ta ƙi komai. Na cire na mayar ya fi sau biyar, har zuciyata ta fara raya mini cewa an cuce ni. Da safe na kira mai wayarin, wani dattijo da ya daɗe yana yi mana aiki. Ya kwance soket ɗin, ya juyo da shi ya nuna mini: ramin na uku fayau, babu waya a cikinsa. Ya ce, "Yallaɓai, gidan nan ba a taɓa yi masa wayar ƙasa ba. Firiji da talabijin ba sa tambaya, amma wannan sai ta tabbatar kafin ta karɓa." Ya kafa sandar tagulla a bayan gida inda ƙasa ke da danshi, ya ja koriyar waya zuwa soket, fitila ta koma shuɗiya. Gidaje da yawa haka suke, sai ka sa a duba naka tun motar ba ta iso ba.

Lambar da ke jikin talla

Ma'aunin nisan tafiya iri-iri ne, kuma dillali yakan faɗi wanda ya fi girma. Na Sin sunansa CLTC, na Turai WLTP, na Amurka EPA. Ga misalin da ya isa: BYD Atto 3, wadda a Sin ake kira Yuan Plus, mai batirin yunit 60.48, an rubuta mata kilomita 510 a ma'aunin Sin, 420 a na Turai. Mota ɗaya ce, batir ɗaya. Ni nakan ɗauki na Turai in zubar da kashi ɗaya cikin biyar idan doguwar hanya ce da gudu da esi. A cikin gari abin ya fi kyau, domin motar lantarki ba ta cin komai a tsaye sai abin da esi ya ja. Cunkoson Nyanya da Mararaba da ke ƙone tankin mai, ita bai cika taɓa ta ba. Gudu a titin filin jirgi ne ke zuƙe ta.

Mai zuwa Sakatariya daga Kubwa ko Lugbe ya dawo, da kai yara makaranta da ɗan cefane, da wuya ya wuce kilomita 70 a rana. Kowace cikin motocin nan za ta yi masa kwana uku ko huɗu a caji guda.

Daga wace ƙasa ta fito

Wannan matakin gajere ne, amma kuskure a cikinsa yana da tsada. Buɗe murfin caji ka duba bakin. Motar da aka yi don kasuwar Sin tana da baki mai suna GB/T, ta Turai CCS2, ta Amurka CCS1. A gida ba damuwa, cajar da ta dace da ita za ka saya. A wajen caji mai sauri ne ake jin jiki, domin in bakin bai dace ba sai an nemi mahaɗi, kuma mahaɗin caji mai sauri yana da tsada, wani lokaci ma ya ƙi aiki. Wuraren cajin kuɗi a Abuja har yanzu 'yan kaɗan ne. Je ka ga wanda ya fi kusa da kai da idonka, ka ga irin bakin da ke rataye. Motar kasuwar Sin, kamar Volkswagen ID.4 Crozz ko ID.4 X, ka zauna ka tabbatar allonta yana juyawa zuwa Turanci gaba ɗaya. Mai sitiyari a dama kuwa, irin ta Ingila ko Japan, kada ka kula ta, tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama kuma doka ba ta yarda da irinsu ba.

Kujerar baya ita ce alƙali

Batirin waɗannan motoci a shimfiɗe yake a ƙarƙashin ƙafafu, shi ya sa daɓen ciki ya ɗan ɗaga. Direba ba ya ji, amma wanda ke baya gwiwarsa takan tashi sama, cinyarsa ta rabu da kujera, bayan awa guda ƙugu ya fara ciwo. Saboda haka ranar gwaji kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki maiɗakinka, ko duk wanda zai fi zama a baya, ka sa babbar riga idan kana sa ta, ka gyara kujerar direba daidai tsawonka sannan ka koma bayanta ka zauna.

Hyundai Kona mai lantarki ita ce aka fara sani a nan. Kamfanin Stallion ya ƙaddamar da wadda aka harhaɗa a Legas a Nuwamban 2020, hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta nuna ta a Abuja a farkon 2021. Ta zo da batirin yunit 39 ko 64, kuma babban yana yin kilomita 450 zuwa 480 a ma'aunin Turai. Ba ta da ci, kuma maɓallan esi da rediyo na hannu ne, ka murɗa ba tare da ka ɗauke ido daga titi ba. Amma ƙirar farko ƙarama ce ƙwarai. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,600 ne, but ɗinta lita 332. Ga mutum da matarsa da ƙananan yara biyu ta yi. Ga mai ɗaukar manya uku a baya zuwa ɗaurin aure, ta yi kaɗan.

Atto 3 ta fi ta sarari: milimita 2,720 tsakanin tayoyi, but lita 440. Wannan santimita 12 na bambanci a gwiwar na baya ake jin sa. Tana da laushi a kan hanya mara kyau, ko da yake laushin yakan sa ta ɗan yi lilo in an yi gudu a hanya mai tudu da gangare. Kusan komai nata a allo yake, har da yawancin saitin esi, wannan kuma sai ka gwada ka ga ko za ka iya zama da shi. Babban abin da ta samu shi ne tun 2025 akwai wakili a ƙasar nan, LOXEA na rukunin CFAO, wanda ke nufin garanti da kayan gyara ta hanyar da aka sani.

MG ZS mai lantarki takan fi sauƙin kuɗi. Ta farko batirinta yunit 44.5 ne, sabuwar fuskar da ta fito a 2021 kuma 51 ko 72.6. But ɗinta ya wuce lita 440. Inda aka rage kuɗin shi ne ƙafar baya: sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin biyu, saɓanin sauran da kowace taya ke motsi ita kaɗai. In tayar hagu ta faɗa rami, na dama ma sai ya ji. Kia Niro mai lantarki, batir kusan yunit 64, ƙanwar Kona ce ta wajen inji amma ta fi ta wurin zama da but, lita 451 a ta farko, 475 a ta 2022. A ganina ita ce ta fi daidaita tsakanin rashin ci da sarari, sai dai ba ta cika yawa a wajen dillalai ba.

Volkswagen ID.4 ita ce babbarsu, but lita 543, batirin ta Turai yunit 52 ko 77. A doguwar hanya ta fi su natsuwa da shiru, kuma wadda ke ja da tayoyin baya tana juyawa a ƙaramin wuri fiye da yadda girmanta ya nuna. Abin da aka fi kuka da shi a 'yan shekarun farko shi ne wurin shafa yatsa na ƙara sanyi da sauti, wanda ba shi da haske da dare.

Duk wadda ka hau, ga abin da za ka gwada. Je da azahar, ba da yamma ba, ka bar motar a rana rabin awa, sannan ka kunna esi ka ga minti nawa kafin na baya ya daina fifita. Duba ko akwai ƙofar iska a baya. Rufin gilas yana da kyau a hoto, amma a zafin Maris da Afrilu na Abuja in ba shi da labule mai kauri, kai ne zai gaya maka. Zaɓi ƙaramin rim mai taya mai kauri, inci 17 ko 18, ya fi manya laushi kuma ya fi jure rami. Nemi unguwa mai tudun rage gudu, irin waɗanda mutanen layi ke ginawa da kansu, ka hau da mutum huɗu a ciki kana sauraro. Yawancin waɗannan motoci tazararsu da ƙasa santimita 16 zuwa 18 ce, sunan jif ne kawai, kuma abin da zai gogi siminti a can ƙasa shi ne mafi tsada a jikin motar.

Akwai wani abu da ba a faɗa a talla. In ka ɗaga ƙafa daga totur, motar takan riƙe kanta tana mayar da wuta cikin batir. Ranar da na fara ɗaukar mahaifiyata daga Gwarinpa zuwa Garki, na sa wannan riƙon a mataki mafi ƙarfi. Ba mu kai Mabushi ba na ga ta dafe goshi. Na ce, "Hajiya, lafiya?" Ta ce, "Wannan motar taka tana tura ni gaba tana dawo da ni, zuciyata tashi take." Na rage shi zuwa mafi sauƙi, na kuma koyi ɗaga ƙafa a hankali. Yanzu ita ce ke cewa a ɗauko mara ƙarar nan, domin tana jin karatun da ke rediyo sosai. Ka tabbatar motar da za ka saya tana bari a rage wannan riƙon.

Batir, idan ta hannu ce

Batir iri biyu ne. Akwai LFP, irin na Atto 3 da MG mai yunit 51, wanda ya fi jure zafi kuma ana so a riƙa cika shi zuwa 100 a kai a kai. Akwai mai sinadarin nikel, irin na Kona da Niro da ID.4, wanda ya fi son a tsaya a 80 a ranakun aiki, a cika sai za a yi tafiya. Kada a bar kowanne a ƙasa da kashi 10 ya kwana biyu a rana.

Kafin ka biya, sa a jona na'urar bincike a karanta lafiyar batir. Abin da ke kan allon direba hasashe ne. In ya nuna kashi 90 ko sama, madalla. Ƙasa da 80, sai farashi ya sauka sosai. A ɗaga motar ka kalli ƙasan batir da tocila, ka nemi lotsawa ko tsaga ko alamar walda. Ɗaga dardumar ƙasa ka shinshina, ka duba ƙarafan kujera ko sun yi tsatsa, domin motocin da ambaliya ta ci a Amurka sukan biyo gwanjo su iso nan fes da su. Kona da aka ƙera daga farkonta zuwa Maris 2020 tana cikin waɗanda Hyundai ya kira a 2021 don sauya batir saboda haɗarin gobara, sai ka bi lambar jikin motar ka tabbatar an sauya. Garantin batir yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma motar da ɗan kasuwa ya shigo da ita da kansa ba lallai garantin ya biyo ta ba. A rubuta maka abin da aka yi alkawari a takarda. Takardun kwastam a tantance su kamar na kowace mota, inshora kuma ka yi cikakkiya, ka tambaya ƙarara ko ta haɗa da batir.

Zama da ita

Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Abin da ya rage shi ne taya, wadda nauyin motar ke cinyewa da wuri, da ruwan birki, da ruwan sanyaya batir, da matatar iskar esi da ƙurar hunturu ke toshewa. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota. In ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake, shi ya sa nake ajiye ƙaramin abin tayarwa a aljihun ƙofa.

Yawancinsu ba sa zuwa da safaya taya, sai kwalbar gam da ɗan famfo. Sayi safaya da jak. In ka je wajen mai faci, ka sauko ka tsaya a kansa, ka nuna masa inda aka yi wa jak alama a gefen ƙarfe, ka ce, "Malam, nan kawai, kada ka sa a tsakiya." Ya saba cusa jak duk inda ya samu, kuma a nan tsakiyar batir ne. Duk waya mai ruwan lemo da ka gani a cikin mota, babbar wuta ce, kada bakaniken da bai koyi aikin ba ya taɓa ta. In ta lalace a hanya, a ɗora ta a bayan motar ɗauka, kada a ja ta da igiya tayoyi na juyawa. Da damina ruwan sama ba ya hana ta komai, har caji ana yi, amma ruwan da ya kai tsakiyar taya a juya a nemi wata hanya. A cikin gida kuma, tunda ba ta da ƙara, kafin ka yi baya ka leƙa ka ƙirga yaran.

Wasu, kamar Atto 3 da sabuwar MG da Niro ta 2022, suna ba da wuta waje, kilowat 2 zuwa 3. Firiji da fankoki da fitilu na dare guda ba su wuce yunit 5 ba. Daren da aka ɗauke wuta ana zafi, za ka gode wa Allah da wannan.

Hanyar Jos

Iyayena a Jos suke, saboda haka wannan hanya ce ta yanke mini girman batirin da zan saya. Daga Abuja ta Keffi da Akwanga kilomita 270 zuwa 300 ne, gwargwadon unguwar da ka tashi. Kuma hawa ne: Abuja tana ƙasa da mita 500 daga teku, Jos kimanin 1,200. Ɗaga mota mai kusan tan biyu zuwa wannan tsayi kaɗai yana cin yunit 4, kuma kaso mai yawa a Hawan Kibo ake biyan sa, lokacin da batir ya riga ya yi ƙasa. Mai batirin da bai kai yunit 60 ba kada ya ɗauki hanyar nan sai ya san inda zai tsaya ya ƙara.

Nakan cika zuwa 100 a daren tafiya, in duba iskar taya, in kunna esi motar tana jone ta huce kafin mu fita bayan asuba. Ba na wuce gudun kilomita 90 zuwa 100 a awa. A Akwanga nake yin hisabi: in na ga ƙasa da kashi 55, sai in ƙara rage gudu. Tafiyata ta ƙarshe, mu huɗu da kaya, na shiga Bukuru da kashi 13. Tun kafin wannan na aika an gyara soket guda a gidan Hajiya, da wayar ƙasarsa da abin katse wutarsa, motar takan kwana biyu a jone muna zumunci. A dawowa, ina gangarowa Hawan Kibo ƙafata ba ta kan birki, lambar batir tana ƙaruwa, na isa Gwarinpa da kashi 27.